Ruwa Tsakanin Gilashi Biyu

Duk wanda ya taɓa sa ƙafa a filin harbin fenti da ke bayan garin Rawang, can inda kwalta ta ƙare gonar kwakwar manja ta soma, ya sha masifar Pak Rosdi, wato Baba Rosdi a yaren garin. Ba ruwansa da ko kai manajan banki ne da kamfani ya kwaso ku a bas ku zo ku harbi juna wai don ku ƙara son juna. Kafin ya miƙa maka bindiga sai ya tsayar da kai a rana, ya zare tabaransa mai kaurin gindin kwalba, ya kawo fuskarsa dab da taka, ya sa ka kalli idonsa na hagu. Idon yana nan a gurbinsa, amma fari fat, ba ya kallon kowa.

"Ka gani?" in ji shi. "Ƙwayar fenti ɗaya ce ta yi wannan, ba ta fi kan babban yatsanka ba. In ka shiga ragar nan, takunkumi ba ya barin fuskarka. Gumi ya shiga idonka, bar shi. Tururi ya rufe gilashi, bar shi. Surukarka ta kira ka a waya, bar shi. Ka ɗaga hannu, ka fito, ka wuce raga, sannan ka cire. Hannu ake ɗagawa, ba takunkumi ba!"

Wannan magana ta ƙarshe har yaran unguwa sun haddace ta, suna tsokanarsa da ita in ya wuce a babur.

Da can direban babbar mota ne, yana kwasar kwakwa daga gona zuwa matsar manja. Lokacin da mai gonar, Tokei Khoo, ya yanki gefen gonarsa ya zagaye da raga, ya jibge tsofaffin tayoyi da ganguna don 'yan wasa su riƙa ɓuya, Rosdi na cikin waɗanda suka fara haukacewa a kan abin. Wata Lahadi aka yi ruwa, rana ta buɗe da ƙarfi, gilashinsa ya yi tururi har bai iya ganin bakin bindigarsa. Ya ji usur, ya ɗauka an tashi. Ashe usur ɗin na fili na biyu ne da ke maƙwabtaka. Ya ɗaga takunkumin zai goge. Wanda ya harbe shi bai ma san ya sami kowa ba.

Kamfani ya karɓe motar, don ba a ba mai ido ɗaya lodin kwakwa a kan babbar hanya. Rosdi ya koma gida ya zauna. Zaman nan shi ne abin da ba ya son tunawa. Ya wuni a kujerar roba a bakin ƙofa yana kallon kaji, ba ya wanka sai an matsa masa, matarsa Salbiah tana soya ayaba tana kaiwa bakin titi don a ci abinci a gidan. Har ta fara ɓoye maganin kashe ciyawa a gidan maƙwabta, kuma ya san dalili. Ana cikin haka Tokei Khoo ya zo da ledar lemo, ya zauna a ƙasa kusa da kujerar, ya ce yana neman alƙalin wasa wanda mutane za su ji tsoronsa. Washegari Rosdi ya yi wanka ba wanda ya ce masa ya yi.

Filin nan shi ya mayar da shi mutum. Ya koyi juya kai gaba ɗaya kamar kaza don ya rufe gefen da ba ya gani, ya kuma koyi alƙalanci da kunne. A wasan nan ba dukan ƙwaya ne ke fitar da mutum ba, sai ta fashe ta bar fenti a jikinsa. Wadda ta fashe tana cewa "fas", wadda ta yi tsalle ta faɗi tana cewa "tib", kuma Rosdi na bambance su ko da bindigogi goma na ruri. Ƙa'ida ita ce in an same ka, kai da kanka za ka ɗaga hannu ka ce an same ka, ka fice. Masu goge fenti a gwiwa ko a jikin ganga su ci gaba da harbi, waɗannan ya tsane su fiye da ɓarayin takalma a masallaci.

Koyarwa kuwa ba ya jira a tambaye shi. Kada ka leƙo ta saman maɓoya, leƙo ta gefe. Kada ka leƙo sau biyu a wuri ɗaya, don na biyun akwai mai jiranka. Matse gwiwar hannunka, ita ake fara gani. Kada ka bar kwalin fenti a bayan mota, rana za ta narkar da shi, laima ta kumbura shi, ya fashe maka a cikin bindiga kana ji kana gani. Ka yi ta magana da 'yan ƙungiyarka, bebe ba ya cin wasa. Amma in ka shiga maciji, wato doguwar maɓoyar nan ta ƙasa da ake bi da rarrafe a gefen fili, to ka haɗiye harshenka, don duk amfaninka shi ne ba a san inda ka kai ba. Mastura, malamar firamare da ta zo wasa sau ɗaya ta kasa dainawa, shi ya nuna mata yadda za ta naɗe mayafinta a ƙasan haɓa don kada ya toshe ramukan iskar takunkumi. Shi ya mayar da ita 'yar maciji, kuma yana alfahari da ita duk da bai taɓa faɗa mata ba.

Sai Tokei Khoo ya rasu, ɗansa Ah Hock ya gaji filin. Yaron ba mugu ba ne, kada a yi masa ƙarya. Ya kwashe tayoyin, ya shimfiɗa ciyawar roba, ya kawo maɓoyai irin waɗanda ake hura wa iska, don yana so a riƙa kawo gasar jiha filinsa. Masu gasar kuwa sun ce ba sa zuwa filin da alƙalansa ba su ci jarrabawarsu ba.

"Kawu," in ji Ah Hock, yana juya kofin shayinsa ba ya kallon fuskar Rosdi, "ni na san ka fi su duka. Amma ba ni zan duba ba. Za su turo mutum ran Asabar, ya tsaya ya kalle ka a wasa na gaske."

"In na ci fa?"

"Filinka ne har ka gaji."

"In ban ci ba?"

Ah Hock ya daɗe yana juya shayin. "Kawu, alƙali biyu kawai zan iya riƙewa. Dole su zama masu takardar shaida."

Rosdi ya haura hamsin. Ya san ba wanda zai sake zuwa masa da ledar lemo. Tun daga ranar abinci ya daina wucewa a maƙogwaronsa, kujerar robar nan ta bakin ƙofa kuwa ya ɗauke ta ya kai bayan gida don kada ya riƙa ganinta.

Abin da ya dogara da shi bayan Allah shi ne takunkuminsa. Tsoho ne, robarsa ta koɗe, amma shi kaɗai ne mai faɗin da ke hawa kan tabaransa, kuma in ba tabarau idon dama ma dishi-dishi yake gani. Gilashin takunkumin biyu ne a manne, da iska a kulle a tsakaninsu, shi ya sa ba ya tururi ko a tsakiyar damina. Kullum a akwatinsa na fili yake kwana. Wannan karon ne kawai ya zo da shi gida, don ya ɗinke maɗaurin da ya saki.

Ran Juma'a ya dawo daga masallaci, tun daga bakin hanya ya hango igiyar shanya. Rigar alƙalancinsa mai ratsi, safar hannunsa, sai takunkumin a rataye da maɗaurinsa, ruwa na ɗiga daga haɓarsa.

Salbiah ta fito tana goge hannu a zani, fuskarta cike da murna. Abang take kiransa, wato Yaya, kamar yadda matan garin ke kiran mazajensu. "Abang, ka ga yadda ya fito? Tun safe na jiƙa shi a bokiti da sabulu. Datti na shekara da shekaru! Da tsohon buroshin haƙori na bi duk lungunan. Ba za ka je gaban baƙi da abu kamar an tono shi daga kwata ba."

Ya sauke takunkumin, ya ɗaga shi a rana. Tsohon mannin da ke gefen gilashin ya sha ruwa ya buɗe. Ga ɗigon ruwa nan ƙanana a jere tsakanin gilashi biyun, inda yatsa ba ya kaiwa, tsumma ba ya kaiwa. Masifar da yake sauke wa manajojin banki ta taso masa har wuya. Ya dubi hannayen matar, sun yi fari sun yamutse saboda sabulu.

"Ya yi kyau, Biah," ya ce. "Kamar sabo."

Daga nan ya shiga hauka a ɓoye. Ya tura takunkumin cikin buhun shinkafa. Ya ciro, ya aro na'urar busar da gashi a wurin 'yar maƙwabta, ya hura har robar ta fara wari. Ya hau babur ya kutsa cunkoson yamma har cikin birni, shagon kayan wasa.

Mai shagon ya juya takunkumin yana dariya. "Pak, wannan ai kakan takunkumai ne. An daina yin gilashinsa tun ina makaranta."

Rosdi ya gwada duk na jikin bango ɗaya bayan ɗaya. Wani ya matse tabaran har ya shige masa karan hanci, wani ya ƙi rufuwa sam. Mai faɗin da zai yi masa sai an yi oda, sai wani makon. Na haya da ke fili kuwa gilashi ɗaya gare su, numfashi biyu sun yi fari, kuma su ma ba sa ɗaukar tabarau. Ya roƙi Ah Hock a waya ko za a ɗaga ranar. Ah Hock ya ce ƙungiyoyi sun riga sun taso daga nesa.

Da safe ya ciro takunkumin daga shinkafa, ya ɗaga shi a haske. Ba ɗigo ko ɗaya. Shi da ya fi kowa sanin cewa laimar da ta shiga tsakanin gilashi ba ta fita, ɓuya take yi, shi ne ya ce wa kansa ai ya bushe. Mutum in ya matsu ba wanda yake fara yi wa ƙarya sai kansa.

Mai jarrabawar, Encik Selvaraj, wato Malam Selvaraj, dogon mutum ne mai furfura a gemu, ba ya dariya amma ba ya wulaƙanci. Ya gaisa da Rosdi da hannu biyu, ya dubi idon hagun sau ɗaya bai sake ba. "Pak, gefen maciji zan sa ka. Nan ne wahala. In ka iya nan, ka iya ko'ina."

Wasannin safe sun tafi lafiya. Iska da sanyi-sanyi, gilashi tas. Rosdi ya fitar da wani saurayi da ya goga kafaɗarsa a jikin maɓoya, ya bar wani da ƙwaya ta yi tsalle a cikinsa ba ta fashe ba. Ya waiga ya ga Selvaraj yana gyaɗa kai. Har ya iya cin shinkafar kwakwa rabin ƙunshi, abin da ya gagare shi duk makon.

Ana idar da azahar sama ta haɗe, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan ya ɗauke lokaci ɗaya. Rana ta fito da zafinta. Ciyawar roba ta soma hayaƙi. Rosdi ya tsaya yana kallon tururin yana tashi daga ƙasa. Ya san wannan ranar, ya taɓa ganin irinta.

Wasan ƙarshe tsakanin ƙungiyar Mastura ne da wasu 'yan arewacin ƙasar masu zafin hannu. Aka busa ƙaho, bindigogi suka ɓarke gaba ɗaya. Ya ga Mastura ta sheƙa a sunkuye, ta zube a kan ƙirji, ta shige bakin maciji ba a taɓa ta ba. A lokacin ne farin ya fara, daga ƙasan gilashin, siriri. Ya riƙe numfashi. Farin ya hau. Ya goga safar hannu ta waje duk da ya san ba a waje yake ba. Ya karkata kai yana leƙe ta wani ɗan gurbi da ya rage a sama, gurbin yana tsukewa yana tsukewa, har ya rufe.

Duniya ta zama madara. Yana jin komai, ba ya ganin komai.

"Alƙali! Duba na tsakiya! An same shi a jakar fenti, yana gogewa! Alƙali!"

Shi ake kira. Aikinsa ne ya ruga ya duba jikin ɗan wasan. Ya ruga wajen muryar, ƙafarsa ta harɗe da igiyar da ke ɗaure maɓoya, ya faɗi a kan gwiwoyinsa. Ƙwayoyi na wucewa ta kansa suna tsaki. Ya san Selvaraj na bayan raga yana kallo, Ah Hock na kallo.

Ya Allah, ya ce a ransa, ɗan lokaci kaɗan. Wasa ɗaya ne ya rage. Kada ka mayar da ni kujerar nan, ya Allah, ba zan iya ba, wallahi wannan karon ba zan tashi ba.

Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da Shaiɗan ke kawo wa wanda ruwa ya ci. Ai ba cirewa zai yi ba. Zai ɗan ɗaga ne kawai, ya leƙa ta ƙasa, ya ga jakar yaron, ya yanke hukunci, ya sauke. Zai juya mataccen idon wajen bindigogin, me kuma za su ɗauka a can? Bai tsaya ya tuna cewa a filin nan ta gaba da ta baya ake harbi ba. Babban yatsansa ya shiga ƙasan haɓar takunkumin. Ya tura. Iska mai sanyi ta taɓa leɓensa, ya hango koren ciyawa a ƙasa, tsaf, kowane zare a fili. Daɗin ganin ya kusa sa shi kuka. Ya ƙara turawa.

"Pak Rosdi! Hannu ake ɗagawa!"

Muryar mace ce, dab da shi, daga ƙasa. Mastura ce. Ashe ta rarrafo har ƙarshen maciji, ta wuce rabin fili ba wanda ya sani, saura ta leƙo ta kwashe 'yan arewa ta gefe. Ihun nan ya tona ta. Bindigogi biyu suka juyo kanta lokaci ɗaya. Rosdi ya saki takunkumin ya faɗo masa a fuska, kuma a cikin farin ya ji sautin da kunnensa ba ya kuskurewa. Fas. Fas, fas.

"An same ni!" in ji Mastura, da ƙarfi, ba ta jira alƙali ba. Ya ji ta miƙe.

Ya daɗe a durƙushe, ko kuwa shi ya ga kamar ya daɗe. Sannan ya tashi. Ya ɗaga hannunsa na dama sama, miƙe, yadda ya koya wa dubban mutane, ya buɗe maƙogwaron nan da ake ji har bakin titi.

"A tsaya! A tsaya! Alƙali ba ya gani!"

Ƙaho ya yi ƙara, bindigogi suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa ganin alƙali ya fitar da kansa ba, har wani ya fara dariya, ya ji ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Rosdi ya lalubi raga da hannun hagu, na dama yana sama, ya bi ta a hankali har ƙofa. Sai da ya wuce, ya ji tsakuwa a ƙasan takalminsa, sannan ya cire takunkumin.

Selvaraj ya karɓa, ya duba gilashin, ya gwada gogewa da yatsa ta ciki da ta waje. Ya miƙa masa. "Na ga babban yatsanka, Pak," ya ce a hankali. "Na kuma ga ka sauke. Amma ka shiga fili da kayan da ka san sun lalace, ka bar kira ba ka amsa ba. Ba zan iya cewa ka ci ba."

"Na sani, Encik. Ni ma da ba zan ce ba."

Ya cire rigar mai ratsi, ya ninke, ya kai wa Ah Hock. Yaron ya ƙi karɓa, yana ta cewa Kawu ka riƙe, Kawu ka riƙe, idanunsa sun yi ja. Rosdi ya ajiye ta a kan teburin da ake cika tukwanen iskar bindigogi.

Mastura na zaune a benci, fenti ruwan ɗorawa ya ɓata mata kafaɗa da mayafi. An sake wasan, ƙungiyarta ta faɗi, don dabarar maciji ba ta ci sau biyu. Ya tsaya a kanta.

"Ke, wa ya ce ki buɗe baki a cikin maciji? Haka na koya miki?"

"Yi haƙuri, Pak," ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Malamina ne ya so ya yi shirme."

Ya ɗan dafa kan bencin, ya wuce.

Bai gaya wa Salbiah abin da bokitinta ya yi ba, mu ma 'yan filin da muka sani ba mu gaya mata ba. Ya iso gida rana na shirin faɗuwa, ya kashe babur, ya bar takunkumin a cikin kwandon gaba. Tana tsugune a gaban kasko tana juya ayaba. Ta ɗago, ta ga singileti ne a jikinsa, ba riga. Ta ajiye matsamin.

"Abang?"

"Ban ci ba, Biah."

Idonta ya tafi bayan gida, inda kujerar robar take, ya dawo kansa, kuma ya ga tsoron da ke ciki ƙarara. Ya ga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, da tabon mai a wuyan hannunta, da gumin da ya taru a saman leɓenta. Ya tsaya yana ta kallo kamar wanda aka ce za a karɓe masa ganin.

Ta taso ta zo gabansa. Ta zare tabaran daga fuskarsa, duk ya yi maiƙon gumi, ta huhhura, ta goge da bakin zaninta, ta mayar masa a hankali, ta gyara shi a bayan kunnuwansa.

"Kana ganina?" ta ce.

"Ina ganinki."